Yadda Wani Mai Gyara a Sabon Garin Zariya Ya Gano Ciwon Bindigar Fentina

Wasan harbi da ƙwallon fenti, wanda aka fara bugawa a jihar New Hampshire ta Amurka a shekarar 1981, bai yi ƙarfi a wajenmu ba, shi ya sa duk wanda ya mallaki bindigar wasan a Zariya yake shiga tsaka mai wuya ranar da ta samu matsala. Tawa mai aiki da batir ce, na saye ta a hannun wani bayan ta sha aiki. Da hunturun bana ta soma fasa ƙwallaye tun ba su fita ba, tana kuma rage saurin harbi da kanta. Wani abokina ya nuna mini shagon wani mai gyaran kayan lantarki a wajen PZ, a Sabon Gari, kuma abin da na gani a can ne ya sa na ga ya dace in rubuta wannan sharhi.

Da na isa, sai na ce masa, "Injiniya, idonta ne ya mutu, a sauya shi kawai." Ya amsa mini da cewa, "Malam, bari mu tambaye ta tukuna, kada mu yanke wa ido hukunci a kan laifin wani." Bai taɓa buɗe irinta ba, kuma bai ɓoye mini hakan ba, amma ya nemi takardar bayanin da ta zo da ita, ya zauna ya karanta kafin ya taɓa ko da noti guda. Ni kuwa tun a nan hankalina ya kwanta.

Abin da masu wasan ke kira ido wasu 'yan na'urori ne guda biyu da ke fuskantar juna a gefen gurbin da ƙwallo ke faɗawa kafin a harba shi. Ɗaya yana fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, irin wanda rimot ke aika wa talabijin, ɗayan kuma yana karɓa. Idan ƙwallo ya sauko daga mazubi ya zauna daidai, sai ya tare hasken, daga nan fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa bindigar, ya gane cewa akwai abin harbawa, ya ba bawul izinin sakin iska idan aka taɓa kunama. Idan kuwa ƙwallon bai gama sauka ba, fanel zai hana harbi, domin da sakatar da ke tura ƙwallo za ta taso a wannan hali, da ta datse shi biyu ta cika bututu da fenti. Akwai wata dabara ta biyu da ni kaina ban lura da ita ba sai da ya nuna mini a takardar: bayan kowane harbi, fanel yana jiran hasken ya sake wucewa, alamar sakatar ta koma baya. Idan hasken bai dawo ba, sai ya ɗauka ido ya toshe, ya rage saurin harbi don kare ƙwallaye. Ke nan sakatar da ke maƙalewa a hanya za ta iya jawo wa ido zargi alhali lafiyarsa lau.

Gwajin da ya yi mai sauƙi ne ƙwarai. Ya cire tukunyar iska, ya auna batirin mai ƙarfin bolt 9 da mita, sannan ya kwance murafun da ke rufe idanun. A ciki akwai busasshen fenti da ya gauraya da jar ƙurar hunturu ya zama kamar laka. Ya jiƙa audugar goge kunne da sifirit, ya share su a hankali, sannan ya kashe ƙwan shagon ya kunna kyamarar wayarsa ya saita ta a gurbin. A fuskar wayar muka ga wani ɗan ɗigo mai launin shunayya yana ƙyalli, shaidar cewa mai fitar da hasken yana raye. Ya zura yatsa cikin gurbin ya cire, fitilar fanel tana sauya alama kowane lokaci.

Da ya zaro sakatar ne gaskiya ta fito. Zoben roban da ke kanta sun baje sun rasa kumburinsu, ɗaya har ya tsage, jikinta kuma duk zane-zane ne a tsaye, inda ƙura ta yi ta gurzar ta kamar sanfefa. Ya shafa bakinta da farce ya nuna mini wata 'yar kaifi da ke yankar fatar ƙwallo. Haka nan 'yan robobin nan biyu da ke riƙe ƙwallo a gurbinsa sun cinye, har ƙwallo yana gangarawa gaba ya wuce saitin ido, na biyu ya biyo shi rabi. Kowace alama da nake gani ta samu bayani: hucin iska ta bututu, harbin da ke fita wani da ƙarfi wani ba ƙarfi, da harbin farko da ke faɗuwa kusa idan bindigar ta ɗan huta. Kuma su kansu ƙwallayen, da yake fatarsu irin ta kwanson magani ce, bushewar hunturu tana sa su saurin fashewa, yadda damina ke sa su kumbura.

Inda ya fi burge ni shi ne ƙin ƙara tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, wanda ake saitawa a fanel. Ƙara shi yana ɓoye matsalar na 'yan kwanaki, amma yana cin iska, sakatar kuma tana ci gaba da lalacewa.

Shagon yana da gazawarsa. Ba shi da kayan sauyi, don haka sai da na yi odar sabuwar sakata da zoben roba na jira su. Da farko ya kai hannu ga giris na inji, sai da takardar ta tuna masa cewa man da aka yi daga fetur yana iya lalata roba, kuma giris na silikon ake so. Sannan ba shi da na'urar auna gudun ƙwallo, alhali ƙa'idar wasan ita ce kada ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, kusan mita 90, saboda haka dole a sake aunawa a filin wasa kafin a fuskanci kowa. Kuɗin aikinsa bai kai abin da na tanada ba. Duk wanda zai kai masa irin wannan aiki, ya tafi da takardar bayani da giris ɗinsa, ya kuma kwakkwance bindigar ya sa ta cikin jaka, domin daga nesa tana kama da ta gaske.