Kwamitin amincewa da canji ko dubawar abokin aiki: wanne ya fi tsare manhaja?

Malam, tambayarka ta jiya na zo amsawa. Ka ce ku takwas ne kuke kula da manhaja ɗaya. Makon jiya wani ya shiga saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, da daddare ya taɓa saiti, aiki ya tsaya sa'a uku, yanzu kuma shugabanku ya ce daga yau ba mai tura ko harafi ɗaya sai kwamiti ya zauna ya sa hannu. Abokin aikinka ya ce a'a, a bar zancen kwamiti, kowane canji ya bi ta Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk wani gyara, wani ya duba, gwaji ya gudu da kansa, sannan a tura. Kana so ka ji wanne ya fi. Na yi aiki a ƙarƙashin kowannensu, kuma ba zan ɓoye maka inda na karkata ba.

Ba shugabanku ya ƙirƙiro tsarin kwamiti ba. Ya samo asali ne daga ITIL, ƙa'idojin tafiyar da ayyukan kwamfuta da wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai suna CCTA ta fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1980, kuma a can ake kiran kwamitin da sunan CAB. Za ka cika fom ka faɗi abin da za ka canja, da dalili, da wanda zai shafa, da yadda za a koma baya in ya ɓaci. Kwamiti ya zauna, galibi sau ɗaya a mako, ya ce e ko a'a, a yanka maka lokaci, yawanci tsakar dare ko ƙarshen mako. A zamaninsa yana da hujja. Manhaja sau biyu ko uku ake sabunta ta a shekara, kowa a kan babbar kwamfuta ɗaya yake, kuskuren mutum ɗaya kowa zai kwana a ciki.

Na abokin aikinka kuwa ya girma ne tare da Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Ka yi ɗan gyaranka a reshe, wato kwafin aikin da ka ware gefe, ka nemi a haɗe shi da babban reshe, abokin aiki ya karanta layi-layi, na'ura ta gina ta gwada, a tura wa sabobi kaɗan, in an ga lafiya a faɗaɗa.

Babban bambancinsu a wurina shi ne abin da mai dubawa yake gani. Kwamiti labarin canji yake karantawa, abokin aiki kuwa canjin yake kallo da idonsa, kuma gani ya kori ji. Na taɓa zama a irin wannan kwamiti a wani wurin da na yi aiki. Tikitoci, wato fom-fom ɗin neman canji, sun kai talatin, lokacin zama sa'a ɗaya, mai jagoranta yana karanto kanun kowanne, a yi shiru na ɗan lokaci, ya ce "ba mai magana, ya wuce". Cikinsu akwai ɗaya da aka rubuta "ƙaramin gyaran lokacin jira, ba haɗari". Mutumin bai yi ƙarya ba, haka ya ɗauka. Ya sa 30 yana nufin daƙiƙa talatin, alhali wannan saitin da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ƙirga. Mu bakwai muka amince, ba wanda ya ga fayil ɗin a cikinmu, don ba a kawo shi ɗakin ba. Da an ɗora shi gaban wanda ya san wurin, zai ga layin sama an rubuta 5000, na ƙasa 8000, sabon kuma 30 tsirara a tsakaninsu, ya tambaya tun kafin a je ko'ina. Daren nan duk buƙatar da ta je rumbun bayanai yankewa take yi kafin amsa ta dawo, ga kuma sa hannunmu reras a takarda.

Sai girman canji, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. In sau ɗaya ake zama a mako, kuma cika fom yana cin rabin yini, ba mai cika fom goma don gyara goma. Tara su zai yi ya ɗaure a tikiti ɗaya. Ranar turawa sai a saki kaya mai yawa lokaci guda, in abu ya fashe a rasa wanne ne a cikin goman, komawa baya kuma ya zama sai an zubar da tara masu kyau saboda ɗaya. Kwamitin da aka kafa don rage haɗari sai ya koma yana kumbura shi. A tsarin abokin aikinka turawa ba ta da tsada, don haka canji yakan zo ƙarami, layi ashirin ko hamsin, wanda mutum zai iya karantawa da hankalinsa a jikinsa, in ya ɓaci kuma an san shi ne.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Masu binciken DORA, waɗanda ke ƙarƙashin Google yanzu, sun shafe shekaru suna auna ƙungiyoyin manhaja da ma'auni huɗu: sau nawa suke turawa, tsawon lokaci daga rubuta canji zuwa isarsa ga masu amfani, kaso nawa na canje-canje ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa. A rahotonsu na 2019 sun ce wuraren da ke jiran amincewar wani kwamiti na waje sun fi yiwuwar faɗawa rukunin masu rauni da ninki 2.6, kuma ba su ga shaidar cewa wannan amincewar tana rage yawan canjin da ke ɓaci ba. Tambayoyi aka raba wa mutane suka amsa, ba gwajin ɗakin bincike ba ne, don haka kada ka kai wa shugabanku shi kamar hukuncin kotu. Amma ya yi daidai da abin da na gani a ɗakin nan.

To, ina kwamiti ya fi? Akwai abin da mai duba layi ba ya gani. Bai san cewa masu kula da hanyar sadarwa za su sauya na'ura a daren da kake shirin ƙaurar da rumbun bayanai ba. Bai san gobe ce ranar rufe lissafin wata ba. Kwamiti yana ganin jadawalin kowa, wannan kuma aiki ne na gaske. Haka nan akwai canjin da ba a komawa baya a cikinsa: goge ginshiƙi, wato jerin bayanai guda, a rumbun bayanai, sauya kamfanin da ke ba manhajarku masauki, canja yadda ake ɓoye kalmomin sirri. Irin wannan ya cancanci a zauna a yi gardama kafin a taɓa. Sai dai ku takwas ne. Abin da babban banki ke buƙatar kwamiti don ya sani, ku kuna iya saninsa da tsayuwar minti goma da safe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka. Abin da ya kayar da ku makon jiya ba kod ba ne, wato rubutun manhajar kanta, saiti ne, kuma da hannu aka taɓa shi kai tsaye a saba. Ko da kwamiti yana nan, mutumin nan ba zai cika fom don sauya layi ɗaya da ƙarfe sha ɗayan dare ba. Ko da dubawar Git tana nan, ba za ta gan shi ba, tunda fayil ɗin ba ya cikin Git. Duka tsarin biyu ƙofar gaba suke gadi, shi kuwa ta taga ya shiga.

Ka dubi Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. Ranar 1 ga Agusta 2012 suka fara aiki da sabon kod da ya kamata ya hau sabobi takwas. Ma'aikacin da ya kwafa ya tsallake ɗaya, kuma ba a sa wani na biyu ya bi bayansa ya duba ba. Sabon kod ɗin ya sake amfani da wani makunnin saiti da a da yake tayar da tsohon aiki mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. A sabobi bakwai makunnin ya yi sabon aikinsa, a ta takwas ya tayar da gawa. Cikin minti 45 aka yi ciniki sama da miliyan 4, asarar ta haura dala miliyan 460 a lissafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da suka ruɗe sai suka cire sabon kod daga bakwai masu lafiya, matsalar ta ƙara yaɗuwa. Sun koma baya ba tare da sanin ainihin abin da ke kan kowace saba ba. Kwamitin da ke karanta fom ba zai gano cewa saba ɗaya ta bambanta da 'yan'uwanta ba. Abin da zai gano shi ne turawa ta atomatik da ke ƙin cewa ta gama sai ta tabbatar takwas ɗin iri ɗaya suke.

Amma kada abokin aikinka ya yi saurin murna, don atomatik ma yana da nasa ramin. Ranar 19 ga Yuli 2024 CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, ta tura wani fayil na saiti, ba sabon kod ba, zuwa kwamfutocin abokan cinikinta. Akwai na'urar tantancewa, amma ita kanta tana da kuskure, ta bar shi ya wuce. Fayil ɗin yana sa ran gurabe 21 na bayani, manhajar da ke kan kwamfuta 20 take bayarwa, Windows ta faɗi. Cikin minti 78 suka janye shi, amma Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 sun riga sun kamu, da yawansu kuma sai da mutum ya zauna gabansu ya goge fayil ɗin da hannu. Sabuwar manhajarsu mataki-mataki suke sakinta, irin wannan fayil kuwa kowa aka aika wa lokaci guda, don an ɗauke shi ƙaramin abu. Facebook ma a 4 ga Oktoba 2021 umarni ɗaya ne lokacin gyaran yau da kullum ya yanke cibiyoyinta daga intanet kusan sa'a shida, manhajar da aka ajiye don tare irin wannan umarnin kuma ba ta tare shi ba saboda kuskuren da ke cikinta. Duba da gwaji suna rage kuskure, amma wanda ya tsallake su, turawa kaɗan-kaɗan ce kawai ke hana shi cin gari duka.

Zancen odita ba zai ɗauke mu lokaci ba. In kuna ƙarƙashin ƙa'ida irin ta PCI DSS, wadda ta shafi tsaron bayanan katin biyan kuɗi, abin da ake nema shi ne shaidar cewa an rubuta canjin, an gwada, wani mai izini ya amince, kuma akwai hanyar komawa. Tarihin Git da aka kulle babban reshensa yana nuna wa ya rubuta, wa ya amince, da wane lokaci, kuma ya fi fom wahalar cikawa bayan an gama aiki.

Ga ƙofar da za ka shigar wa shugabanku ta ita, don kada ya ji kamar an ƙi maganarsa. ITIL ɗin da kansa ya raba canji gida uku: na yau da kullum wanda aka riga aka amince da hanyarsa, na al'ada mai buƙatar tantancewa, da na gaggawa. Bugun ITIL 4 na 2019 ma ya bar ƙofa a buɗe a ba wa ƙungiyar da ke aikin ikon amincewa, ba dole sai kwamiti ɗaya ba. Don haka ka ce masa duk canjin da ya bi ta Git, wani ya duba, gwaji ya wuce, aka tura shi mataki-mataki, a lissafa shi a gida na farko. Zama kuma a ajiye shi don wanda ba a komawa baya da wanda ya shafi wasu a wajenku. Tsoronsa na gaskiya ne, shi aka kira da tsakar dare, kuma in ka nuna masa allon da zai ga me aka tura yau da wanda ya duba, rabin abin da yake nema daga kwamiti ya samu.

Da ni ne a wurinka, kafin a gama wannan gardama zan fara da fayilolin saiti. A kwashe su duka a sa a Git, ban da kalmomin sirri da makullai, waɗannan ma'ajiya ta daban ake yi musu. A bar manhajojin sarrafa saiti irin su Ansible ko Puppet ko makamancinsu su riƙa ɗora su a sabobi, a kuma sa su riƙa kwatanta abin da ke kan saba da abin da ke rubuce, su yi ƙara in sun bambanta. A rage masu izinin shiga saba kai tsaye, a bar hanyar gaggawa ɗaya da ke rubuta sunan duk wanda ya bi ta, da sharaɗin washegari ya mayar da gyaransa cikin Git. Ranar farko da kuka yi wannan kwatancin, ka shirya ganin abin mamaki. Lokacin da muka yi namu, sabobi huɗu da muke rantsuwa tagwaye ne, saiti iri uku muka tarar a kansu, ɗaya ma ɗauke da gyaran wani da ya bar aikin shekara biyu kafin nan.

Shi kuma wanda ya taɓa saitin makon jiya, ka zauna da shi ba da faɗa ba, ka tambaye shi me ya hana shi jira har safiya, kuma da ya so bin hanya, wace hanya ce a buɗe a wannan daren.