Kafin ku saya wa yaro hular kwanon ƙwallon Amurka

Da watan Agusta ya kama a Amurka, makarantu da ƙungiyoyin unguwa sukan fara atisayen ƙwallon ƙasar, wanda ake rungumar ƙwallo a hannu ana ture juna. A lokacin ne iyayenmu mazauna can suke shiga neman hular kwano, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: wacce ta fi kariya? Kafin a zo maganar kamfani da farashi, ya kamata a san abin da hular take iya yi da abin da ya fi ƙarfinta.

A 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a wannan wasa, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i domin a gyara dokoki. A zamanin, wasu hular fata suke sakawa, wasu ma ba komai a kansu. Sai 1939 aka wajabta hula a wasannin jami'o'i, ƙungiyar ƙwararru ta NFL kuma ta bi sahu a 1943. Daga baya hular roba mai tauri ta shigo, aka ƙara mata ƙarfen kare fuska. Fashewar ƙoƙon kai da karyewar hanci da haƙora sun ragu ƙwarai. Amma da ɗan wasa ya ga kansa ya daina jin zafi, sai ya mai da shi makami, yana sunkuyar da kai yana tunkuyi. Aka shiga karya wuya. A 1968 kaɗai mutum 36 suka rasu, yawancinsu daga raunin kai da wuya. Abin bai lafa ba sai da aka kafa ma'aunin ingancin hula a 1973, sannan aka haramta tunkuyi da kai a sakandare da jami'a a 1976. Wato hula ta ceci rayuka, ta kuma jawo sabon haɗari, kuma ba ita kaɗai ta gyara ɓarnar ba, sai da doka ta shigo.

Akwai kuma abin da har yau ba wata hula da ta magance. Ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. In aka bangaji mutum, ko ƙoƙon bai ko tsage ba, ita tana girgiza a ciki tana murɗewa. Likitan nan haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, shi ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke haifarwa. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka same ta a ƙwaƙwale 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL. Gaskiya ne iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi bayar da ƙwaƙwalen, don haka ba a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka, waɗannan mutane da hula suka yi wasansu. Duk mai kantin da ya ce muku hularsa tana hana girgizar ƙwaƙwalwa, ku bar masa kayarsa, domin gargaɗin da ke manne a bayan hular kanta ya ce ba ta iya hana dukkan rauni.

To me za a duba? Na farko hatimin NOCSAE, ƙungiyar da ke kafa ma'aunin ingancin kayan wasa a Amurka, a bayan hula. Wannan shi ne mafi ƙarancin sharaɗi, wadda ba ta da shi ba a ma barin a shiga fili da ita. Sai dai hatimin ba ya bambance mai kyau da wadda ta fi ta. Wannan aiki jami'ar Virginia Tech ce ke yi tun 2011: tana buga huluna a ɗakin gwaji, ta ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar, na yara daban na manya daban, kuma sakamakon yana intanet kyauta. Ku duba jerin na wannan shekarar, domin yana sauyawa.

Zaɓi uku ne a gaban yawancin iyaye. Akwai hular da makaranta ko ƙungiya ke bayarwa, kuma a mafi yawan sakandare ita ake amfani da ita. Ba laifi a karɓa, amma ku juya ta ku karanta shekarar da aka ƙera ta da ranar da aka sake gwada ta. Ƙa'ida ita ce a riƙa mayar da hula wajen masu gyara duk shekara ɗaya ko biyu, su kwance ta, su sauya soson ciki, su sake ba ta hatimi. In babu wannan shaida, ku tambayi koci gaba da gaba, haƙƙinku ne.

Akwai sabuwa fil. A cikin kamfanonin da ke ƙera ta, Riddell na da SpeedFlex da Axiom, Schutt na da F7, Vicis na da Zero2, kuma dukkansu sunaye ne da ake gani a filin ƙwararru. Ta yara takan kama daga dala 100 da wani abu zuwa sama, ta manya mai tsada kuma takan doshi dala 1,000. Tsada ba ta bin taurari daki-daki. Akwai masu matsakaicin kuɗi da suka samu biyar cif. Abin da na fi damuwa da shi shi ne zamanta a kan yaro. Kan wani dogo ne, na wani zagaye, kuma hular da ta zauna wa wannan daram tana iya yi wa wancan lilo. A auna kai da awo, a saka hular, a ɗaure maɗaurin haɓa, sannan ku riƙe ƙarfen fuskar ku juya hagu da dama. In fatar goshi ta bi hular, ta zauna. In hular ce kaɗai ke yawo, ta yi yawa. Kada a sayi babba wai don yaro zai girma ya cika ta, kamar yadda muke yi da kayan sallah. In an yi masa aski ko kitso bayan awo, a sake dubawa, hulunan da ake hura wa iska a ciki kuma a riƙa duba iskar. Ta yara da roba mai sauƙi ake yin ta, ba ta dace da ƙartin sakandare ba.

Na uku gwanjo, kuma nan ne nake roƙon a yi hattara. Hula tana iya sheƙi a waje alhali sosonta ya mutu, ko tana da tsagar da fenti ya rufe. Masu gyara ba sa karɓar wadda ta kai shekara 10 da ƙerawa, to me za ku yi da ita? Wannan ya shafi har masu aika kayan wasa gida, yanzu da wasan ke samun shiga a Najeriya da Gana. Ragin dala 100 bai kai a sa kan yaro a caca ba.

Za ku kuma ga wata riga mai taushi da ake ɗora wa hula, Guardian Cap. NFL ta wajabta ta ga wasu 'yan wasa a atisaye daga 2022, ta yarda a shiga wasa da ita a 2024, tana cewa tana rage ƙarfin bugu. Amma wani bincike na jami'ar Wisconsin a kan ɗaliban sakandare bai ga ta rage girgizar ƙwaƙwalwa ba. In ƙungiya ta bayar, a saka. Ni dai ba zan rage kuɗin hula mai kyau don in saye ta ba.

In yaron bai kai sakandare ba, shawarata ita ce a ajiye maganar hula gaba ɗaya a kai shi nau'in wasan da ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyallen da ke ƙugunsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gano cewa yara 'yan shekara 6 zuwa 14 masu wasan ture suna shan bugun kai ninki 15 na masu wasan ƙyalle. Ba kuma wasan raini ba ne, domin za a buga shi a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles. In kuwa ya kai kuma ya dage sai na ture, ku je atisaye da kanku ku kalli kocin. Ku ga ko yana koya wa yara ɗaga kai da kamu da kafaɗa, ku kuma tambaye shi wa ke yanke hukuncin cire yaro daga fili in ya ji jiri, da kuma ko sai da takardar likita yake dawowa.