Na biya su don su rufa mini asiri, su ne kuma suka kai labarina ofishinmu

Duk wanda yake da aiki a hannu kuma yake neman wani, babban abin da yake saye a wurin kamfanin dillancin aiki shi ne rufin asiri. Guraben aiki suna nan a intanet, kowa zai iya gani, amma samun wanda zai shiga tsakaninka da masu ɗaukar ma'aikata ba tare da maganar ta koma kunnen shugabanka ba, wannan shi ne abin da ya sa na yi rajista da wannan kamfani, na kuma zaɓi tsarinsu na sama wanda suke tallatawa da sunan neman aiki a asirce.

Farkon lamarin ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Jami'ar kamfanin da aka haɗa ni da ita ta san aikinta. Ta karɓi CV ɗina ta rushe shi gaba ɗaya, ta cire hoto da jadawalai da ƙawace-ƙawacen da na cika shi da su, ta bayyana mini cewa manyan kamfanoni da yawa manhaja ce take fara karanta takardun masu nema kafin idon ɗan'adam ya gani, kuma irin wannan manhaja tana iya rikicewa da jadawali ta tsallake muhimman bayanai. Ta sa na riƙa daidaita kalmomin CV da kalmomin da ke cikin sanarwar kowane gurbi, matuƙar dai aikin da aka ambata na taɓa yin sa da gaske. Bayan wannan gyara ne na fara samun kiran intabiyu.

Ita ce kuma ta zauna da ni a kan shafina na LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Ta nuna mini cewa alamar neman aiki da ke can iri biyu ce: akwai koren zoben nan da ake sa wa hoto, wanda ya fito a 2020 lokacin da annobar korona ta raba mutane da yawa da ayyukansu, kuma kowa yana ganin sa har abokan aikinka, akwai kuma zaɓin da masu ɗaukar ma'aikata kaɗai suke gani. Ta ce in ɗauki na biyun, amma in sani cewa LinkedIn da kansa ya faɗa a fili cewa yana ƙoƙarin ɓoye alamar daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfanin da kake ciki, sai dai bai ba da tabbacin cikakken sirri ba. Ta sa na kashe sanarwar da take shaida wa jama'a duk lokacin da ka sauya wani abu a shafinka. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi amfani da kwamfutar ofis ko imel ɗin ofis ko intanet ɗin ofis wajen neman aiki, domin kayan mai kamfani ne kuma yana iya duba abin da ya bi ta cikinsu. Intabiyu kuwa, ta ce a nemi a sa shi da sassafe ko lokacin hutun rana ko bayan tashi, in ya gagara a ɗauki rana ɗaya daga hutun shekara, amma kada a yi ƙaryar rashin lafiya. Ta kuma sa na ɗauko takardar yarjejeniyar aikina na karanta wa'adin sanarwar ajiye aiki da sharaɗin da ya shafi komawa kamfanin da ke gogayya da namu, ta ce kada in ajiye aiki sai takardar ɗauka ta zo a rubuce, don kada a yi sakin reshe kama ganye. Da a nan abin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

A cikin fom ɗin rajista akwai tambaya ƙarara: shin kun yarda a tuntuɓi wurin aikinku na yanzu? Na amsa a'a. Na kuma maimaita wa jami'ar da baki, na ba ta sunayen tsofaffin shugabannina biyu daga wuraren da na bari a matsayin masu ba da shaida a kaina, wanda shi ne abin da ita kanta ta ba ni shawarar yi. Duk da haka, wata safiya shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya turo mini wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da aka rubuta sunan kamfanin dillancin da lambar wayarsu a jiki, da rubutun hannun wata ma'aikaciyar sashen kula da ma'aikata. Ya ce, "Malam, waɗannan mutanen sun kira jiya suna tambayar matsayinka da albashinka da ranar da za ka iya barin aiki. Akwai abin da muka yi maka ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu abin da aka yi mini, ina duba abin da zai ƙara mini gaba ne, kuma ban yanke shawarar komai ba tukuna." Ya gyaɗa kai, bai ɗaga murya ba, ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin babu wani kamfani da ya yi mini tayin aiki. Intabiyu na farko kawai na yi a wurin da suka yi wannan kiran saboda gurbinsa. Ko a inda ake bukatar tabbatarwa daga wurin aikin mutum na yanzu, abin da aka saba shi ne a jira sai an yi tayi, sannan a nemi izinin mai neman. Su kuwa suka tsallake duka biyun. Ba a kore ni ba, amma sunana ya fita daga jerin waɗanda za a tura horo, wani aiki da aka riga aka ce ni zan jagoranta aka miƙa shi ga wani, kuma ba na ganin laifin shugabana a kan haka, domin babu mai zuba jari a kan ma'aikacin da ya ji yana shirin tafiya. Gurbin da aka yi duk wannan ɓarnar dominsa ma ban same shi ba.

Da na kai ƙorafi wurin kamfanin dillancin, amsar da ta zo mini irin wadda ake tura wa kowa ce: suna ba da haƙuri bisa duk wata damuwa da na shiga. Da na matsa, sai suka ce wani sashe ne daban yake aikin tantancewa, kuma ba ya ganin amsoshin da aka cike a fom ɗin rajista. Wannan bayani ya fi laifin kansa tayar mini da hankali, domin yana nufin tambayar da suka yi mini tun farko ba ta haɗe da komai, kuma abin da ya same ni zai iya samun duk wanda ya biya wannan tsari. Daga baya suka turo mini wani sakin layi daga sharuɗɗansu da ya ba su damar raba bayanai da abokan hulɗa. Wurin aikina ba abokin hulɗarsu ba ne.

Jami'ata ita kaɗai ce ta kira ni da kanta ta ce an yi mini ba daidai ba, ba ta kuma yi ƙoƙarin wanke kamfaninsu ba. Ta ba ni shawarar in ci gaba da aikina yadda na saba ko fiye, kada in yi musun abin da ya riga ya fito, kada kuma in yi alkawarin zama har abada don kawai in kwantar da ƙura. Na ji daɗin wannan, har na fara tunanin in bar maganar saboda ita. Amma da na zauna na duba, sai sauran abubuwan da na riƙa kawar da kai a kansu suka dawo mini. Saƙonninsu suna shigowa waya a tsakiyar lokacin aiki da sunan gurbi ɓaro-ɓaro a saman allo, alhali na roƙi a riƙa turo su ta imel ɗina na kaina. Yawancin guraben da manhajarsu take turo mini ba su da alaƙa da fannina. Rajistar kuma tana sabunta kanta, sai ka bi shafi bayan shafi kafin ka ga inda ake dakatar da ita.

Na soke rajistar, sannan na rubuta musu cewa su ba ni jerin duk wuraren da suka aika da bayanaina, su kuma goge abin da suke riƙe da shi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum wannan haƙƙi, ƙasashe da dama kuma sun yi dokoki makamantanta, don haka duk wanda ya shiga irin halina ya duba ta ƙasarsa ya rubuta musu. Jerin ya zo. A cikinsa na ga kamfanonin da ban taɓa amincewa a tura musu CV ɗina ba, ɗaya daga cikinsu ma yana yi wa kamfaninmu kwangila, kuma ma'aikatansa suna shiga ofishinmu kowane mako. Gyaran CV da shawarwarin jami'ar sun cancanci kuɗinsu, amma tsarin sirrin da na biya ƙarin kuɗi dominsa ba zan ba wa wani mai aiki a hannu shawarar ya saya ba. Tabbacin goge bayanan kuwa har yanzu ina jiran sa a rubuce.