Kayan jibin Idin Ƙetarewa da ake sayarwa a intanet: farantin ya yi, littafin sai da gyara

Duk shekara idan Ista ta gabato, shagunan intanet kan fito da wani kwali da aka haɗa wa Kiristocin da ke son yin jibin Idin Ƙetarewa irin na Yahudawa, wanda Yahudawan ke kira Seder. Yawanci za a tarar da faranti mai gurbi 6, ƙoƙo ɗaya, mayafin gurasa mai aljihu 3, fakitin matza, wato gurasa marar yisti, da ɗan littafin jagora.

Farantin ba shi da laifi. Kowane gurbi an rubuta abin da ake sa masa: ƙashi gasasshe, ƙwai, ganye mai ɗaci kala biyu, ɗanyen ganyen da ake tsomawa a ruwan gishiri, da haroset, wani kwaɓi mai zaƙi mai tuna laka da tubalin bauta a Masar. Na tangaram ya fi kyau, amma shi ne ke isowa a fashe, don haka na ƙarfe ya fi wa ikkilisiya. Abincin kuwa ba ya cikin kwalin. Shuwaka ɗanya ko latas za su tsaya a gurbin ganye mai ɗaci. Haroset kuma a daka dabino kofi 1, gyaɗa soyayya rabin kofi, ɗan kirfa da ruwan inabi cokali 3, ya yi kauri.

Ƙoƙo ɗaya bai isa komai ba. Kowa na shan ƙoƙo 4 na ruwan inabi, bisa alkawura huɗu na Fitowa 6:6-7, kowanne kamar mililita 90. Ke nan kwalba ɗaya mai mililita 750 ta mutum biyu ce. Matzar ma tana shan danshi ta yi laushi da zarar an buɗe. Gara a gasa sabuwa: fulawa kofi 2, ruwa wajen kashi uku cikin huɗu na kofi, a murza ta yi fale-fale, a huda da cokali mai yatsu, a sa a tanda mai zafi sosai minti 3 zuwa 4. Ƙa'idar Yahudawa ita ce kada a wuce minti 18 daga zuba ruwa zuwa gasawa, don kada ƙullin ya fara tashi.

Littafin ne ke da magana. Inda ya tsaya kan Nassi ya yi daidai: ɗan rago marar aibi da jininsa a dogaran ƙofa a Fitowa 12, ƙashin da ba a karyawa wanda Yahaya 19:36 ya ɗora wa Yesu a kan gicciye, Bulus da ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Idin Ƙetarewa a 1 Korintiyawa 5:7, da ƙoƙon bayan jibi a Luka 22:20. Wannan kaɗai ya ishi mai bi ya gane tushen Jibin Ubangiji.

Sai dai irin waɗannan littattafai kan zarce. Sukan ce gurasa ukun da ake sawa a aljihunan mayafin alamar Triniti ne, huji da zanen ƙunar da ke jikinta kuma cikar Ishaya 53:5 ne. Wa'azi ne mai daɗin ji, amma ba aya ba ce. Hujin don hana gurasar kumbura ake yinsa, Yahudawa da yawa kuwa na ɗaukar ukun a matsayin firistoci, Lawiyawa da sauran Isra'ila. Sukan kuma nuna kamar haka Yesu ya ci jibinsa daki-daki, alhali tsarin ya samu siffarsa ne bayan rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, aka rubuta shi cikin Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa, wajen shekara ta 200. A zamanin Yesu naman rago ake ci, ba ƙashi ake ajiyewa ba.

Faston da zai jagoranta ya ware awa 2, ya bayyana wa jama'a cewa darasi ne, tunda akwai Yahudawan da ba sa jin daɗin a ari ibadarsu, ya kuma bi littafin da biro tun kafin ranar jibin, wato Alhamis ta kafin Ista, ya raba aya da fassarar marubuci.