Fakejin ejan ko ku haɗa da kanku? Ni dai na gwada biyun

Ƙanwata, kin tambaya kan tafiyar da ku da dangi za ku yi neman asali a ƙauyen kakanninku da ke wata ƙasa, to tsakanin sayen fakejin kamfanin tafiye-tafiye da ku haɗa tafiyar da kanku, ku haɗa da kanku kawai. Ni na gwada biyun, ƙasa ɗaya, ƙauye ɗaya, amma ɗaya har yau in na tuna kuɗin da na zuba sai raina ya ɓaci, ɗayar kuma yarana har gobe zancenta suke yi.

Ta farkon fakeji muka saya, mu tara har da mahaifiyata Allah ya jiƙanta, don ƙauyen babanta ne, ya baro shi yana saurayi ya tsallako iyaka bai sake komawa ba har ya rasu. Ejan ya turo mana takarda mai kala, kwana takwas, otal kaza, mota mai sanyi, ɗan jagora, can ƙasa kuma layi guda an rubuta ziyarar ƙauye. Ban tambayi awa nawa ne a cikin wannan layin ba, kuskurena kenan. Kwana shida ana zagaye da mu a babban birni, yau gidan tarihi gobe shagon kayan tsaraba, wanda daga baya na gane jagoran yana da kamasho a duk abin da muka saya. Ranar ƙauyen ba mu tashi da wuri ba, da kwalta ta ƙare direba ya taka burki ya ce shi motarsa ba ta shiga burji sai an ƙara wani abu, aka tsaya ana ta ciniki a bakin titi ana kiran ofis ba sa ɗagawa. Sai bayan la'asar muka shiga garin. Dattijo ɗaya tal da ya rage wanda ya yi wasan ƙasa da kakanmu ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, aka tura yaro a babur ya ɗauko shi. Mahaifiyata na zaune mata sun kewaye ta, ko gama tambayar wace ce 'yar wane ba a yi ba, wallahi direban nan ya fara danna hon, wai dokar kamfani mota ba ta kai dare a hanya. Haka muka taso ta tana share hawaye da gefen mayafi. Dattijon ba mu gan shi ba, kafin mu sake komawa ya riga mu gidan gaskiya.

Gaskiya dai sun tarbe mu a filin jirgi kan lokaci, otal ɗin ma ba laifi. Iyakar yabon da zan iya musu kenan.

Kuma ba wai mugunta ba ce, sana'ar ce haka. Su wuri suke sayarwa, inda ake shiga a ɗauki hoto a fito cikin awa guda, motar da direban duk lissafin kwana da kilomita ne, ƙauyenku kuma ba ya kawo musu ko sisi. Irin wannan fakejin ya dace da wanda ƙasar kawai ya sani bai san gari ba, kamar baƙaƙen fatan Amurka da suka yi tururuwa zuwa Ghana a 2019 lokacin da gwamnati ta ayyana shekarar komawa gida, shekara 400 da kai bayi na farko Virginia a 1619. Su a kai su gidajen bayi na Cape Coast da Elmina buƙata ta biya, don ba su da ƙofar da za su je su yi sallama. Ku kuwa kuna da sunan ƙauye, kuna da dangi masu rai, mutane za ku je gani, kuma tsohuwa ba ta san jadawali ba, sai ta gama kukanta ta gama kallonki sannan labari zai fara fitowa, wani lokaci ma sai a kwana na biyu.

Ta biyun mu goma sha huɗu ne. Wata shida kafin tafiya muka nemo lambar wani jikan ƙanin kakanmu, malamin makaranta ne a garin da ke kusa da ƙauyen, muka saka shi a guruf ɗinmu na WhatsApp, shi ya zama ejan ɗinmu kuma da ɗan gari akan ci gari. Shi ya ce kar ku zo da damina hanya yankewa take yi, kar kuma ku zo tsakiyar girbi kowa na gona ba wanda zai zauna da ku. Wane kamfani ne zai gaya miki wannan? Shi ya yi mana shatar bas a can, direban da ya san hanyar kuma yake jin yaren, ya kama mana masauki a garin, kullum da safe mu shiga ƙauye da daddare mu dawo, kwana huɗu cur. Wannan dabarar ta kwana a gari ki riƙe ta, mutum goma sha huɗu su sauka a gidan talaka nauyi ne babba, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce ba zai iya ba, sai dai ya ci bashi bayan kun tafi ya yi ta biya.

A rana ta biyu aka kai ni wurin wata tsohuwa, ƙanwar kakanmu ce uba ɗaya, ido ya tafi. Ta kama wuyan hannuna ta ce in yi magana. Na ce me zan ce, ta ce ka ce komai. Na gaishe ta, ta yi shiru ta ce in sake, na sake. Sai ta juya wajen 'yarta ta ce muryar Yaya ce, a jawo min akwatin nan. Akwatin ƙarfe ne duk tsatsa a ƙarƙashin gado, a ciki cikin tsumma ta ciro wasiƙa guda ɗaya da kakanmu ya taɓa aikowa, takardar ta yi laushi kamar ƙyalle saboda ninkewa da buɗewa, ita ba ta iya karatu ba amma ta haddace abin da ke ciki tun lokacin da aka karanta mata, tana faɗa ina bin layi da yatsa ba ta tsallake kalma ba. Mun fi awa uku a ɗakin nan, direbanmu na waje ƙarƙashin bishiya yana barcinsa, ba hon ba komai.

Ambulan ɗin wasiƙar ma sunan gundumar da ke jiki yanzu babu shi, an canza. Ki kula da wannan sosai tun kafin ku sayi tikiti, don sunan da tsofaffi suka bar muku ba lallai shi ne a taswira ba. Ƙasashe sukutum ma sun canza suna balle ƙauye, Dahome ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, babban birnin Chadi ma daga Fort Lamy ya koma Njamena a 1973. Wani wurin ma garin ne ya tashi gaba ɗaya, da aka gina dam ɗin Akosombo a Ghana aka gama a 1965 mutum kusan 80,000 aka tasa aka sake musu matsuguni, tsohuwar Wadi Halfa a Sudan ruwan dam ɗin Aswan ne ya cinye ta aka kwashe mutanen zuwa Sabuwar Halfa mai nisan gaske. Mu namu bai nitse ba, amma ƙauyuka uku ne masu suna iri ɗaya a yankin, Google Maps kuma wanda ba namu ba yake nunawa. Don haka ki zauna da tsofaffinku yanzu da waya ki naɗi murya, sunan ƙauyen kaɗai bai isa ba, a faɗa miki rafin da ke kusa, kasuwar da suke ci da ranar da take ci, wa ke sarauta lokacin da kaka ya taso, sana'ar gidansu, sannan laƙabinsa. Laƙabin nan ya fi sunan yanka amfani, mu da muka faɗi cikakken sunan kakanmu ba wanda ya gane, da aka faɗi sunan tsokanar da ake kiransa da shi yana yaro sai tsofaffi suka kwashe da dariya.

Ba zan ɓoye miki ba haɗawa da kai akwai ciwon kai, ni na riƙe kuɗi kuma na sha magana. Mutum biyu sun janye sati uku kafin tafiya suna neman a mayar musu da kuɗinsu bayan an riga an yanki tikiti, abin ya kusa ɓata zumuncin da muka fita nema. Ku rubuta tun ranar farko, kowa ya gani ya amsa a guruf, cewa da zarar an yanki tikiti kuɗi ba ya dawowa sai abin da kamfanin jirgi ya mayar. Mai riƙe kuɗi daban mai rubuta lissafi daban. Kuɗin tsaraba a haɗa shi wuri ɗaya a damƙa wa babban gidan ya raba, in kowa ya ce zai ba wanda ya ga dama to kun bar musu rigima kun taho.

Tikiti kuwa ku je wurin kamfanin jirgin kai tsaye. Yawancinsu daga mutum 10 suke ɗaukar ku a matsayin ayari, a ba da kafin alƙalami a riƙe muku kujeru, sunaye a kai daga baya. Ba kullum ya fi araha ba fa, wani lokaci na ɗaiɗai a intanet ya fi sauƙi, amfaninsa dai ku duka jirgi ɗaya kuma farashi ba zai tashi a kan na ƙarshe ba. Fasfo kowa ya duba nasa yau, ƙasashe da yawa sai fasfo na da saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare suke barin mutum ya shiga. In ƙasar na neman katin rigakafin shawara, allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, kar a bari sai satin tafiya. Wanda ya taɓa yi kuma ba sai ya sake ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rai, in dai katin na nan bai ɓata ba. Yaron da zai bi uwa ba uba ko zai bi goggo a tafi da takardar amincewar iyaye, wasu bodojin suna tambaya. Maganin tsofaffi na hawan jini da suga a jakar hannu, kar a sa a babban akwati.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki yi hattara da ejan na bogi don sun san masu neman asali zuciyarsu a buɗe take. Babbar damfararsu ita ce su riƙe kujera ba su biya ba, su buga miki takarda mai tambarin jirgi da sunanki da lambar bukin mai harafi 6, ki duba a shafin kamfanin ki ga sunanki ki saki jiki, bayan 'yan kwanaki bukin ɗin ya faɗi da kansa tunda ba a biya ba, sai a filin jirgi ki sani. A yawancin kamfanoni tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne, in ba ki ga wannan lambar ba kar ki yarda kina da tikiti, ki kira kamfanin da bakinki su tabbatar. Duk wanda ya ce biza garanti ce a hannunsa maƙaryaci ne, hukumomin ƙasar da za ku je kaɗai ke bayarwa ko hanawa. Kar ki tura kuɗi asusun mutum da sunansa, kar ki miƙa fasfunan mutane ba rasit. 'Yan canjin bakin boda ki ƙirga a gabansu sau biyu kuma kar ki mayar musu su sake ƙirga miki, a nan suke zare wasu.

Akwai kuma dangin ƙarya, wannan ya fi ciwo. Da labari ya bazu cewa baƙi sun zo neman asali za ki ga wanda zai rungume ku yana kuka shi jikan wane ne. Mu wani ya zo har masauki da takarda wai filin kakanmu na nan gwamnati za ta ƙwace sai an biya kuɗin awo kafin mu tafi, malamin nan namu ya kalle shi ya tambaye shi sunan uwar kakanmu, ya fara kame-kame ya ce bari ya je ya dawo, har muka bar ƙasar bai dawo ba. Ki riƙe abu biyu ko uku a cikinki da ba ki faɗa wa kowa ba, sunan uwa, tabo a jiki, dalilin da ya sa ya bar gida, ki bari su su faɗa.

In bizar ƙasar mai wuya ce ki biya ejan mai rajista da ofis ya cika muku fom ya kama muku otal ɗin daren farko, iyakarsa nan, kar ya taɓa kwanakin ƙauye. Sauran ki nemo mutum ɗaya a can, malami ko ma'aikacin asibiti ko duk wanda ke da waya mai data kuma dangi suka yarda da shi, ki tura masa kuɗin kira da na zirga-zirga ba sai ya roƙa ba. A cikin kwanakinku ki ware aƙalla uku na ƙauyen zalla, ki bar ɗaya fanko ba a shirya komai ba don za a ce akwai wata goggo a gaba da ba za ta yafe ba in ba ku je ba. Kuma in akwai tsoho a cikin masu son zuwa ko tsoho a can da ake son gani, kar ku ɗaga tafiyar zuwa baɗi don jiran mutum biyu su haɗa kuɗi, waɗanda suka shirya su wuce.