Bango mai kauri ko gini mai shan iska: wanne ya dace da gida, wanne ya dace da ɗakin taro?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Za ka gina gidan zama, kuma kana cikin kwamitin da aka ɗora wa gina ɗakin taro na jama'a mai haɗe da ajin karatu. Wani ya ba ka shawarar bango mai kauri da ƙananan tagogi, wani kuma ya ce a'a, a yi bango mara nauyi da manyan tagogi don iska ta riƙa ratsawa. Kai kuma ba ka son ginin da sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki sannan ya zaunu. To, wa za ka bi?

Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowa ginin wani yanayi ya kwatanta maka, sai dai bai faɗa maka wane yanayin ba. Kafin ka zaɓa, nemi ma'aunin zafi ka rataye a inuwa a filin da za a yi ginin, a lokacin da zafi ya fi tsanani a shekara. Ka duba shi da ƙarfe 3 na rana, ka sake dubawa da asuba, ka yi haka na kwanaki. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce alƙalin shari'ar. Masana harkar suna ƙiyasta cewa idan tazarar ta kai digiri 10 ko fiye, bango mai kauri zai yi maka aiki. Idan ba ta wuce digiri 6 ba, kaurin bango ba zai tsinana maka abin kirki ba, iska za ka nema.

Bango mai kauri, na laka ne ko na dutse, aikinsa jinkirta zafi. Rana tana dukansa tun hantsi, shi kuma yana shanyewa sannu a hankali. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 25 zuwa 30 yakan riƙe zafin kamar awa 8 zuwa 10 kafin ya isar da shi cikin ɗaki. Ke nan zafin azahar ba zai shigo ba sai dare ya yi, lokacin da waje ya huce. A nan sai a buɗe tagogi, iskar dare ta kwashe abin da bangon ya tara, gari ya waye yana da sanyi, ya sake ɗaukar kayan sabuwar rana. Wannan ne sirrin dogayen benayen laka na Shibam a Yemen, da gidajen Yazd a Iran masu hasumiyar kama iska. Ko babban ginin Eastgate da Mick Pearce ya tsara a Harare, babban birnin Zimbabwe, wanda aka buɗe a 1996, dabarar ke nan: da dare fankoki suna tura iska mai sanyi ta cikin kankaren ginin, da rana kankaren ya riƙa shanye zafin ofisoshi. Harare tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, darenta yana yin sanyi, shi ya sa abin ya yiwu.

Ka lura da sharaɗin: dole dare ya huce. Kuma dole mazauna ginin su san yadda ake sarrafa shi. Da rana a rufe, da dare a buɗe. Wanda ya buɗe tagogi da rana ya cika bangon da zafi, sannan ya kulle da dare don tsoron ɓarayi ko sauro, ya mayar da ɗakinsa tanda da hannunsa. Saboda haka idan wannan hanyar ka ɗauka, tun a zane ka tanadi kafofin iska na sama masu ƙarfe da raga, waɗanda za a iya barin su a buɗe a kwana ba fargaba.

Gini mara nauyi kuwa ba ya ajiye komai, kuma amfaninsa ke nan. A inda iska take cike da laima, dare da rana kusan ɗaya ne, babu wani sanyin asuba da bango zai tara. Abin da ke damun mutum a can shi ne zufar da ta ƙi bushewa. Maganinta iska mai motsi. Iskar da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa tana sa jiki ya ji kamar zafi ya ragu da digiri 2 zuwa 3, ko da ma'aunin bai motsa ba. Shi ya sa gidajen gargajiya na Malesiya da Indonesiya suke tsaye a kan dirkoki, da bangon katako ko gora, da rufi mai tsayi wanda bakinsa ya zarce bango sosai. Rana na faɗuwa, ginin ya huce tare da ita.

Sai dai shan iska ba yawan tagogi ba ne kawai. Iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Ɗakin da tagoginsa duk suke bango ɗaya, iskar ba ta yin zurfin da ya wuce tsayin silin ninki 2 ko 2 da rabi. Idan akwai taga a bangaye biyu masu fuskantar juna, tana iya ratsa faɗin da ya kai tsayin silin ninki 5. Wato in tsayin silinka mita 3 ne, kada faɗin ginin ya wuce mita 15, kuma kada a datse tsakiya da bangon da ya kai har sama. Ragar sauro ma tana cin wani kaso na iskar, don haka tagar da za a sa wa raga a ƙara mata girma.

Ɗauki wannan ginin ka kai shi busasshen wuri, ka ga yadda zai ci amanarka. Idan zafin waje ya kai digiri 42, iskar da ke shigowa ta fi jikinka zafi, ga ƙura tana biye da ita. Haka shi ma mai kaurin, ka kai shi wurin laima, zai kwana yana amayar da zafi a kan masu barci, bangonsa yana yin funfuna.

Bari in ɗan kauce, don akwai na uku da ba ka ambata ba, alhali shi aka fi ginawa a ƙasashe masu zafi: bulon siminti mai rami, da kwano a kansa, da taga ɗaya a kowane ɗaki. A ganina wannan ya haɗa aibin ɓangarorin biyu. Bai yi kaurin da zai jinkirta zafi har dare ya raba ba, don haka yana sakin sa da magariba, daidai lokacin da mutane suka dawo gida. Bai kuma buɗe yadda iska za ta ratsa ba. Jemage ne, ba tsuntsu ba dabba. Ba bulon ne mai laifi shi kaɗai ba, rashin inuwa da rashin mafitar iska ne suka fi yi masa illa.

Akwai wurin da hanyoyin biyu suka haɗu, kuma ya fi bango muhimmanci, wato rufi. A yankunan da rana take hawa tsakiyar ka, ƙarfinta da tsakar rana yana kai kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, kuma rufi ne yake karɓar mafi yawa. Ka dubi makarantar firamare da Francis Kéré ya gina a Gando, Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Bangonta tubalin laka ne da aka gauraya da ɗan siminti. A kan azuzuwan akwai silin na tubali mai kafofi, sannan aka ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, aka bar sarari a tsakani. Kwanon yana tare rana da ruwan sama, iska tana bi ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafin, iskar aji mai zafi kuma tana fita ta kafofin silin. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi ta Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin lura a nan shi ne bai guje wa kwano ba, nisanta shi da kawunan yara ya yi.

Launi ma yana da nasa aikin. Farin rufi yana mayar da fiye da rabin hasken rana sama, baƙi ko mai duhu kuwa yana shanye kusan duka. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan mummunan zafin 2010, ya fitar da shirin tunkarar zafi a 2013, kuma daga cikin matakan da suka biyo baya har da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Ina mamakin mai gina gida a ƙasa mai zafi da yake zaɓar baƙin kwano don kawai ana yayinsa.

Yanzu ga inda gidanka da ɗakin taronku suka rabu. Gida da dare aka fi cika shi, mutane kaɗan ne, kuma barci ne babbar buƙata. Ɗakin taro da rana ake amfani da shi, na 'yan awoyi, da jama'a masu yawa. Kowane mutum da ke zaune yana fitar da zafin kimanin wat 100. Mutum 200 ke nan wat 20,000, kamar an kunna dutsen guga 20 a lokaci ɗaya an rufe ƙofa. Ga numfashi, ga zufa. Babu bangon da zai shanye wannan, komai kaurinsa. Don haka ɗakin taro, ko a busasshen wuri ne, dole a ba shi tsayi, da kafofi a can sama inda iska mai zafi take taruwa, da mashiga a ƙasa ta ɓangaren inuwa. Ajin karatu shi ne ya fi kowa cin moriyar bango mai kauri a busasshen yanayi: ana shiga da safe bangon yana da sanyin dare, ana tashi kafin zafin ya ratso, da dare kuma babu kowa a ciki, sai a bar kafofin a buɗe. Ɗakin kwana shi ne akasinsa. Idan bangonsa na yamma ya sha rana, to a kan gadonka zai sauke ta.

Ta fuskar ƙarko, kowanne yana da abokin gaba. Na laka ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Ambaliyar 2008 ta yi wa gine-ginen kwarin Hadramaut, inda Shibam take, ɓarna mai yawa. Bangon ƙasa yana son harsashi na dutse ko kankare da ya ɗaga shi daga danshi, da bakin rufi mai faɗi, kuma yaɓen siminti mai ƙarfi a kansa yakan kulle danshi a ciki har ya ɓamɓare. A inda ake girgizar ƙasa kuwa nauyin da kansa haɗari ne idan ba a ɗaure bangon ba. Girgizar Bam a Iran, a Disambar 2003, ta kashe mutane fiye da 26,000, kuma rugujewar gidajen tubali tana cikin manyan dalilai. Katako da gora su kuma gara da gobara ne matsalarsu, ga shi ba sa tare hayaniya.

Akwai wani abokin gaba da ba a auna shi da ma'auni, shi ne ra'ayin masu shiga ginin. Hassan Fathy, mai zanen gine-gine, ya fara gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a Masar a tsakiyar shekarun 1940, da tubalin laka da ƙubbobi. Masana har yau suna yaba zanen, amma da yawa daga cikin mutanen da aka gina wa sun ƙi ƙaura, aikin kuma bai kammala ba. Tunda naku na jama'a ne, ku zauna da su kafin a ja layi. Idan suna ganin laka alamar talauci ce, ku nuna musu tubalin da ake matsewa da inji. Tun shekarun 1950 aka ƙera injin hannu na CINVA-Ram a Kolombiya don wannan aikin. Ƙasa ce ake haɗawa da siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ba a ƙona ta, kuma tana fitowa da kaifin gefe kamar jan bulo. Tunda sarrafa siminti yana haifar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa, rage shi riba ce ga muhalli. Amma ba kowace ƙasa ce take yin tubali ba, sai an gwada yawan yashi da yumɓun da ke cikinta.

Idan ma'auninka ya nuna tazara mai faɗi, ni zan yi wa gidan bango mai kauri, da tsakar gida mai inuwa, da baranda ko rumfa mara nauyi da za a iya kwana a ciki a dararen da bangon ya ƙi hucewa. Idan tazarar kaɗan ce, zan yi shi siriri, ɗaki ɗaya a faɗi, taga gaba da baya, da fanka a sama. Idan kuma shekararku rabi rani ce rabi laima, haɗa su za ka yi, kuma an yi hakan: makarantar METI a Rudrapur, Bangladesh, wadda Anna Heringer da Eike Roswag suka tsara, ƙasanta bangon laka ne mai kauri, benenta gora ce mai shan iska. Ɗakin taron kuwa, a kowane hali, tsarin Gando zan ba kwamiti shawara, sai dai a wurin laima a rage bango a ƙara tagogi.

Akwai abin da ba ya cin ko sisi, amma da zarar an zuba harsashi ya wuce gyara. Ranar da za a kafa turakun awo ka je da kanka, ka tabbatar tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye da tagoginsu za su kalli kudu da arewa, inda bakin rufi kaɗai ya isa ya yi musu inuwa. Gajeren bangon yamma ka bar wa banɗaki, ko sito, ko matakala, ka dasa bishiya a bayansa tun kafin magina su fara.