Na gama haɗa kwamfutar gem, ga kayan da na ƙara daga baya da yadda na same su

Wata takwas kenan da na gama haɗa kwamfutata ta buga gem, kuma wallahi ranar da na kunna ta na ga fankoki sun juya hoto ya fito, na ɗauka shikenan na gama kashe kuɗi. Ashe tsugune bata ƙare ba. Tun daga ranar nake ta ƙare-ƙare, wani abun na saya na ji daɗinsa har yau, wani kuma yana nan cikin kwali ko kallonsa bana son yi. Shine nace bari in zauna in rubuta yadda na samu kowanne, ko wani da ya gama haɗa tasa zai tsira da sauran canjinsa.

Monita zan fara da ita don ita ce ta fi bani mamaki. Da na haɗa kwamfutar tsohuwar monitata ta aiki na jona, inci 24, 1080p, 60Hz, ina ta murna wai gem na nuna min firem 200 a kusurwa, wato hoto 200 a sakan ɗaya. Toh amfanin me? Monita mai 60Hz sau 60 kawai take sabunta hoto a sakan ɗaya, kusan duk abin da girafik kad ɗina, wato katin da ke zana hoton gem, ke wahalar zanawa sama da haka idona baya ganinsa, kamar ka cika randa ne kana sha da cokali. Na canza zuwa mai inci 27, 1440p, 165Hz, fanel ɗin IPS, kuma gaskiya ko jan maus kawai kayi a kan sikirin zaka ji bambanci tun kafin ka buɗe gem. A lissafi, a 60Hz kowane hoto yana zama wajen milisakan 16.7, a 144Hz kuma wajen 6.9, a 165Hz wajen 6, shi yasa idan ka juya da sauri a gem ɗin harbi abokin gaba baya zama kamar inuwa. Daga 60 zuwa 144 tsalle ne babba wanda kowa zai gani. Daga 144 zuwa 240 kuwa na gwada a wurin wani abokina, akwai bambanci amma sai ka ƙura ido, ni dai a wurina bai kai in ƙara kuɗi ba sai dai in kai ɗan gasa ne.

Amma fa kar ka ji 1440p ka ruga. Ɗigon hoton da ke cikinsa ya kai miliyan 3.7, na 1080p kuma miliyan 2 da 'yan kai, wato ka ɗora wa girafik kad ɗinka ƙarin aiki kusan kashi 78 cikin 100, na 4K kuwa ya haura miliyan 8. In kad ɗinka ƙarami ne gara 1080p mai 144Hz da ka ɗauko 4K ka dawo kana buga gem yana tsalle-tsalle kamar bidiyo a netwok mara kyau. Kuma ka duba ko monitar tana da FreeSync na AMD ko G-Sync na Nvidia, su ne ke daidaita saurin monita da na kad ɗin don hoto ya daina tsagewa a tsakiya, yanzu ma monitocin FreeSync da yawa suna aiki da kad ɗin Nvidia.

Ga abin kunyar da nayi, in faɗa don kar wani ya maimaita. Sati biyu cur nayi da sabuwar monitar ina yabonta ina cewa kai wannan abu da santsi yake, ashe tana kan 60Hz ɗinta, ban shiga saitin sikirin na Windows na ɗaga ta zuwa 165 ba. Zuciyata ce kawai ke yaudarata. Ƙanina ne ya zo ya duba ya dinga min dariya har da riƙe ciki. Don haka ka shiga saitin ka duba da idonka, ka yi amfani da wayar DisplayPort ɗin da ta zo a kwalin, kuma ka tabbata a jikin girafik kad ka soka ta ba a ramin sama na madabod ba, wato babban allon da komai ke jone a jikinsa, mutane da yawa na yin wannan kuskuren su zo suna cewa kad ɗinsu na da matsala.

Tunda ana maganar abin da ba sai ka biya ko sisi ba, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ma haka take. Ka sayi DDR5 an rubuta 6000 a jiki, ka saka, amma sai ta tashi a 4800 har sai ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna saitin cikakken gudunta, XMP in Intel ne ko EXPO in AMD ne, DDR4 ma mai 3200 sau da yawa a 2133 take tashi. Kuma in sanda biyu gareka a madabod mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sakawa in ka ƙirga daga wajen firosesa, amma dai ka leƙa ɗan littafin madabod ɗinka. Ni 16GB na fara da ita na koma 32GB, a gem zalla ban ga wani canji na azo a gani ba, sai dai in na buɗe Discord da burauza mai shafuka ashirin ina kuma rikodin, nan ne ta nuna amfaninta.

Maus. Nan na ɗauki Logitech G305 mara waya, kuma ina da tsoron mara waya da farko don ana cewa yana jinkiri, toh wannan tsohon zance ne, mai amfani da ɗan dongul na 2.4GHz baya jinkirin da hannunka zai ji, Bluetooth ne dai ban yarda da shi a gem ba. Batir AA guda ɗaya yake ci, kamfanin yace yana kai awa 250, ni dai nakan manta yaushe na canza. Nauyinsa giram 99, ba shine mafi sauƙi ba, akwai irinsu G Pro X Superlight mai wajen giram 63 amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Abin da zan ce aibinsa shine ɗan ƙarami ne, mai babban tafin hannu zai fi jin daɗin siffar irin Razer DeathAdder. Kuma don Allah kar lambobin DPI, wato ma'aunin saurin motsin maus a sikirin, da ake bugawa a kwali su ruɗe ka, wai 25,000 wai 30,000, galibin ƙwararrun 'yan gem ɗin harbi tsakanin 400 zuwa 1600 suke wasa, ni a 800 na tsaya. Abin da ya fi DPI tasiri a wurina shine faffaɗan shimfiɗin maus, irin dogon nan da ke ɗaukar kibod da maus gaba ɗaya, abu mai arha amma hannu ya samu filin yawo.

Kibod kuwa gaskiya jin daɗi ne ba wai zai sa ka iya gem ba. Na ɗauki mekanikal wanda bashi da ɓangaren lambobi na gefe, don maus ya samu wuri, mai jan suwic, wato abin da ke ƙarƙashin kowane madanni, wanda ke sauka sumul ba tare da ƙara ba. Da farko shuɗin suwic na so saya saboda ƙarar nan tasa ƙas ƙas ƙas tana burge ni, Allah ya taimake ni na gwada na wani na minti goma na gane in na kawo shi ɗaki da dare sai an kore ni daga gidan. Suwic mai ruwan ƙasa shine tsaka-tsaki, kana jin ɗan tudu a yatsa amma babu ihun. In zaka saya nemi wanda ake zare suwic a canza ba tare da an yi walda ba, ranar da harafi ɗaya ya mutu ba sai ka yar da kibod ɗin duka ba. Akwai kuma sabbin nan masu maganaɗisu irin Wooting 60HE da kake saita zurfin da madanni zai kama, 'yan Valorant da Counter-Strike na sonsu sosai, amma ka sani a watan Agustan 2024 Valve, kamfanin da ya yi Counter-Strike, ta hana amfani da dabarar nan da kibod ke sake maka madannin hagu da dama da kansa a Counter-Strike 2, kar ka saya don ita kaɗai.

Yanzu ga inda aka ci kuɗina. Hedfon. Na ga wani mai fitilu kala-kala an rubuta 7.1 da manyan baƙi a kwali, ba zan kama sunan kamfanin ba, na ɗauka ina ji da kaina. Sipika biyu ne kawai a ciki kamar galibin hedfon, 7.1 ɗin, wato sautin da ke zuwa ta kowace kusurwa, manhaja ce ke kwaikwayonsa, kuma a wannan ɗin in ka kunna sai sautin ya koma kamar kana cikin rijiya, takun sawun abokin gaba baka san ta ina yake zuwa ba, ga bes ya cika har ya danne komai, ga matse kai, awa ɗaya kunnena ya ɗau zafi. Wata uku fatar kunnen ta fara ɓarewa tana manne min a wuya. Na koma HyperX Cloud II, tsohon yayi ne tun 2015 yake kasuwa, amma baya takura kai kuma makirfonsa ana cire shi, a sitiriyo kawai nake barinsa ina jin komai ras. Fitila a jikin hedfon dai har yau na kasa gane wa ake kunna wa, kai da ka saka a kai ai baka ganinta.

Pad na saya saboda ƙwallo da gem ɗin mota, don buga ƙwallo da kibod azaba ce. Na Xbox ya fi sauƙin sha'ani a Windows, ka jona kawai ya kama. In kana gudun matsalar nan ta analog ya riƙa tafiya da kansa bayan ya tsufa, akwai masu analog na maganaɗisu irin wasu na 8BitDo, su babu gogayya a ciki balle ya cinye.

Ma'ajiya ita ce abin da na raina ta rama. 1TB na saka da farko nace ai ya isa har jikoki, manyan gem huɗu biyar na sauke, wasunsu kowanne ya haura 100GB, sai ga jan layi, alamar ta kusa cika. Na ƙara NVMe, wato ƙaramar ma'ajiyar SSD mai sauri, mai 2TB a rami na biyu na madabod. Shawarata anan kar ka biya kuɗin NVMe sabon samfuri na PCIe 5.0 don gem, eh a takarda yana kai wajen 14,000MB a sakan, na 4.0 wajen 7,000, SATA SSD kuma wajen 550, amma wajen loda gem tsakanin 4.0 da 5.0 da ƙyar ka lura, ga na 5.0 da ɗaukar zafi. Babban tsallen daga tsohuwar ma'ajiya mai faifai (hard disk) ne zuwa kowane irin SSD. Girma zaka nema ba gudu ba.

Sanyaya kuma, kular, wato na'urar sanyayawa, da ta zo a kwalin firosesa tana aikinta, ni dai shiru nake so, sai na saka Thermalright Peerless Assassin 120 mai hasumiya biyu, zafin ya sauka sosai kuma ko ana cikin gem bana jin kukanta. Ka auna tsayin kes ɗinka kafin ka saya don doguwa ce, kuma ka ɓare ledar da ke manne a gindinta kafin ka shafa man zafi, ana mantawa da ita fiye da yadda kake zato. Na ƙara fankoki biyu na Arctic P12 a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya yana fitarwa. Kafin ma ka sayi komai sauke HWiNFO ko MSI Afterburner ka ga zafin da idonka, watakila ma lafiyarka ƙalau kake neman magani. Mai sanyaya da ruwa yana da kyan gani, ban musa ba, amma ga matsakaicin firosesa ado ne kawai.

Fitilun RGB masu canza kala ma na saya, ba zan ɓoye ba, sati ɗaya na yi ina canza kala daga nan na mayar da su fari na manta da su. In zaka saka ka kula, akwai mai fil 4 na 12V akwai mai fil 3 na 5V, ka soka na 5V a ramin 12V fitilun sun ƙone kenan.

Abu biyu da basu da kwalliya ko kaɗan amma bazan iya rabuwa da su ba yanzu: wayar intanet da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Wi-Fi ɗina yana da gudu in ana saukar da abu, amma a gem ba gudu ake nema ba, fing ne, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar gem ya dawo, ake so ya tsaya wuri ɗaya, da na ja wayar Cat6 daga rauta zuwa kwamfutar sai tsalle-tsallen nan na ka harbi mutum ka ga kai ne a ƙasa ya ragu sosai, ko Cat5e ma tana ɗaukar gigabit har mita 100. UPS kuwa ba don ka ci gaba da gem in wuta ta ɗauke bane, 'yan mintuna zai baka ka adana abinka ka kashe lafiya lau. Ka duba wat ɗinsa ba VA kawai ba, mai 1500VA galibi wat 900 zuwa 1000 yake bayarwa, kuma ka haɗa da monita a lissafin. In da hali ɗauki mai fitar da tsantsar wuta irin ta soket wato pure sine wave, don wasu fawa sufulai na zamani basa shiri da na kwaikwayon, sai wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu duk da UPS ɗin na kunne.

Saura kujera, ita ce har yanzu ban yanke ba. Na zauna a irin masu kama da kujerar motar tsere ɗin nan a wurin abokina, kyau kam akwai shi, amma awa biyu bayana ya fara ƙorafi kuma ledar tana sa gumi, inaga ta ofis mai raga a baya da wurin tallafe ƙugu zan nema. Kafin nan dai filo biyu na jera a kan tsohuwar tawa, ɗayan ma sai zamewa yake in gem ya yi zafi.